Wa ya tuna dokokin katantanwa da lido? Yarana nake so in koya wa

Baban Walid, Unguwar Sanusi:
Assalamu alaikum. Jama'a, taimako nake nema, kuma da gaske nake. Yara suna hutu, kwana uku ke nan rabonmu da wuta, wayoyin gidan duk sun mutu. Jiya bayan la'asar na tarar da Walid da ƙannensa biyu sun yi jugum a dakalin ƙofar gida, sai na ce bari in nuna musu abin da muka tashi da shi. Na samo murfin biro, na ɓalle robar nan da ke kan tsohon batir, na cusa wannan cikin wancan, katantanwa ta haɗu. Na murza ta a kan yashin da magina suka bari a lungunmu. Ta miƙe tana juyi har da ɗan ƙugi, yaran nan suka hau tsalle. Can sai ƙaramar ta ce, "Baba, to ta yaya ake cin wasan?" Nan na yi shiru. Yatsuna ba su manta murzawa ba, amma dokar ta ɓace mini.

Da dare kuma muka ɗauko lido, ni da mahaifiyarsu muka kasa daidaitawa. Ta ce da dayis ɗaya ake yi, ni biyu na sani. Ta ce in ka ci ɗan wani naka ci gaba yake da tafiya, ni na san fita yake. Don Allah wanda ya riƙe dokokin nan ya rubuto, in kwafe a takarda in manna a bango.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam Yaya. Ta katantanwa ai ba wuya. A tara yashi mai laushi a baje shi. Ka murza, tana tsakiyar juyi sai ka sari yashin da ke ƙarƙashinta da gefen hannu, ta yi sama ta dawo. In ta kife, baki ƙasa tsini sama, ka tsira. In ta faɗi a kwance, ka jira wani zagayen. Wanda ya rage shi kaɗai bai kifar ba, shi zai shimfiɗa hannu a ƙasa, kowa ya ɗana masa katantanwar a bayan hannun. Mu sau 3 muke yi.

Baba Mai Masaƙa, Kakuri:
Ɗana Baban Walid, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Abin da yaron Rigasa ya faɗa haka yake, sai dai ta biro da batir ta zamaninku ce. Tamu ta ainihi gidan dodon koɗi ce, shi ya sa wasu koɗi suke ce wa wasan. Da damina muke gangarawa bakin kogi mu tsinto su, mu zaɓi mai tsini sosai wadda ba ta da tsagu. Sai a zauna a yi ta goga bakinta a kan dutse, ana ɗiga ruwa, har gefen ya daidaita ta zama kamar 'yar mazurari. Yaro sai ya yini a kan guda ɗaya. Mai gaggawa a hannu take fashe masa.

Doka biyu aka tsallake. Ana zana da'ira a yashin, wadda ta fita daga ciki ba a lissafa ta ko da ta kife. Ta biyun kuwa ita ce uwar sauran: duk abin da za a yi, kafin a murza ake yanka shi. Sau nawa za a gwada, sau nawa za a ɗana, wa zai fara. Da zarar katantanwa ta bar yatsa, magana ta ƙare. Duk faɗan da na taɓa gani a wasan yara, daga wanda ya ƙirƙiro doka bayan ya ga ya faɗi yake tasowa.

Maman Ihsan, Malali:
Baba, a gafarce ni, ni wannan ɗanawar ce ba na so a dawo da ita. Yayana har yau akwai tabo a bayan hannunsa na dama, don wani ya wasa tsinin tasa da gangan. Jini ya zuba, iyaye suka shiga ciki, makwabta biyu suka yi wata guda ba sa gaisawa. Baban Walid, in za ka koya musu, a yi da maki. Wanda ya kifar a ja masa layi a ƙasa, wanda ya fara kai 10 ya ci.

Ɗan Rigasa:
Anti, tsoron ɗanawar nan shi ke sa mutum ya dage ya iya. Amma ban musa ba, in akwai ƙanana a ciki gara makin.

Baban Walid:
Na ɗauki shawarar Maman Ihsan, ƙaramar tawa shekararta 6. Saura lido.

Malama Mai Lissafi, Kawo:
Baban Walid, kai da maiɗakinka duka kuna da gaskiya, lido biyu ne kuka haɗa. Wanda take faɗa shi ne na Turawa: dayis ɗaya, sai ka jefa 6 ɗanka zai fito daga gida, 6 kuma tana ba ka ƙarin jifa, in ka sauka a kan ɗan wani ya koma gida kai ka ci gaba da tafiya. Naka kuwa shi ne wanda aka fi yi a ƙasar nan, mai allon gilashi da dayis biyu. Asalin wasan ma ba na Ingila ba ne. Daga Indiya ya fito, wani wasa ne mai suna Pachisi da ake yi da wuri maimakon dayis, sunan ma 25 yake nufi, wato jifa mafi tsoka. Daga baya aka yi masa rajista a Ingila da sunan da muka mayar lido. Maciji da tsani da ke bayan allon shi ma ɗan Indiya ne.

Ni da dayis biyu nake ba yara shawara, kuma ina da dalili. Da guda ɗaya, sau 1 cikin 6 ake samun shida, yaro sai ya gaji da jira ya tashi. Da biyu, hanyoyin faɗuwarsu 36 ne, 11 daga ciki akwai shida. Duk da haka, kusan mutum 1 cikin 3 zai yi zagaye uku bai fito ba. Ku faɗa wa yara wannan tun da wuri, don kada wanda ya makale ya ɗauka an yi masa wani abu ne. Shida biyu a tare kuwa sau 1 ne cikin 36.

In za ka sayi dayis, ka juya shi ka duba. Kowace fuska da ta bayanta 7 suke bayarwa: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Wanda ba haka ba, ko wanda kusurwarsa ɗaya ta cinye, ka bar wa mai shi.

Talatu, Barnawa:
Malama ta gama magana, sai dai in ƙara ƙananan da ke kawo rigima, don a gidanmu kowace Lahadi da yamma ana bugawa. In mutum biyu ne, kowa gida biyu yake riƙewa, masu kallon juna ta kusurwa. Abin da dayis biyu suka bayar kana iya haɗa shi a kan ɗa guda, kana iya raba wa biyu. Siki biyu, wato shida biyu a tare, su kaɗai ke ba da ƙarin jifa. In ka ci ɗan wani, nasa ya koma gida, naka ya fita daga allo, an lissafa ya isa. Shiga gida a ƙarshe sai da adadin daidai, in saura 3 ka jefa 5, ka haƙura. Dayis da ya faɗo ƙasa daga allo, ko ya jingina da wani abu bai kwanta ba, a sake duka biyun, ba guda ba. Kuma a girgiza a cikin 'yar robar dayis, hannu ya rufe bakinta. Mai jefawa da tafin hannu ba ma yarda da shi, don akwai masu iya ajiye dayis su ce jifa ne.

Baba Mai Masaƙa:
Da Malama ta ambaci wuri sai ta tuna mini kakana. Ku yaran yanzu ba ku san kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce ba. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Daga tsibiran tekun Indiya ake kawo shi har ya iso kasuwanninmu. Da kuɗin Bature suka kore shi, sai ya rage a hannun masu ado da 'yan caca. Yadda na ga ana yi ina yaro, wuri 4 ne, an goge bayansu a dutse har sun huje, don su iya kwanciya ta kowane gefe. Mutum ya girgiza a hannu ya watsa a tabarma. In biyu suka buɗe biyu suka kife, ko duka huɗun suka yi iri ɗaya, mai jifa ya ci, ya sake jefawa. In uku suka yi gefe guda ɗaya ya ware, ya faɗi, ya miƙa wa na damansa. Shi ke nan dokar. Kakana bai yarda mu matsa kusa ba in manya na yi da kuɗi, mu da 'ya'yan tsamiya muke namu a bayan rumbu.

Malama Mai Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka sa na ɗauko biro. Wuri 4 hanya 16 suke faɗuwa. Duka a buɗe hanya 1, duka a kife hanya 1, biyu da biyu hanya 6, jimla 8. Uku da ɗaya kuma 4 ta nan 4 ta can, 8. Rabi da rabi cif. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan: wuri ba ya daidaita kamar dayis, dole gefe ɗaya ya fi nauyi. To na gwada, a ce kowane wuri sau 60 cikin 100 yake kifewa. Na lissafa, sai ga mai jifa zai ci sau 5,008 cikin 10,000. Wato karkatar ta narke, kusan ba ta taɓa sakamakon ba. Mutanen da suka zauna a kan wannan doka ba su shiga aji ba, amma sun gano tsarin da ko kayan wasan sun karkace ba a zalunci kowa ba. Gobe in Allah ya kai mu da wannan zan buɗe darasi a ajin ƙarin karatu na hutu.

Malam na Badikko:
Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama, na ga niyyar Baban Walid kyakkyawa ce, shi ya sa ba zan yi shiru ba. Maganar caca a fili take, Allah ya ambace ta a Baƙara aya ta 219, ya kuma haramta ta a Ma'ida aya ta 90 da 91, tare da giya, ya ce da su Shaiɗan ke jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, ya kange su daga ambaton Allah da salla. Wannan ba wanda ke jayayya a nan. Abin da mutane ba su sani ba shi ne dayis ɗin kansa akwai magana a kansa. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi wasa da nardashir, wato nardu, kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. A Muwaɗɗa kuma, daga Abu Musa al-Ash'ari, wanda ya yi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Nardu wasa ne na allo da ake tafiyar da 'ya'yansa da abin da dayis ya bayar. Risala da muke karantawa a zaure ita ma ta ce wasa da shi bai halatta ba. Mafi yawan malamai a kan haramci suke ko da ba a sa ko kwabo ba, kuma malamanmu da dama sun sa lido a wannan layi. Na faɗa ne don kowa ya yi abin da zai yi da sani.

Maman Ihsan:
Allah gafarta Malam, wallahi maganar nan ta yi mini nauyi. Mu mata da ke cikin gida, lidon nan shi ke tara mu da yara bayan isha'i. Ba kuɗi, ba zagi, in an kira salla a tashi. Da shi Ihsan ta iya haɗa lissafi kafin ta shiga firamare, tana ganin 4 da 3 za ta ce 7 ba ta ƙirga da yatsa ba. In na ɗauke shi, abin da zai maye gurbinsa waya ce, kuma kowa ya san abin da ke cikin waya. Ba gardama nake da hadisi ba, Allah ya kiyaye. Tambaya nake, babu sauƙi ko kaɗan?

Malam na Badikko:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Akwai 'yan tsirarun malamai da suka tsaya a kan karhanci in babu kuɗi a ciki, ba zan ɓoye miki ba. Amma rinjaye na wancan ɓangaren, kuma ni shi nake bi a gidana. Ƙofar wasa kuwa a buɗe take. Ga dara, ga carabke, ga langa, ga katantanwar da aka fara magana a kanta. Wannan ta kifewa gwaninta ce ta hannu, yaro yana koyo yana ƙwarewa, ban ga laifinta ba muddin ba a sa wani abu a ci ba, ba a kuma bar salla ba.

Kafinta na Fanteka:
Tunda an zo nan bari in kawo wata, a faɗa mini matsayinta. Akwai katantanwa mai fuska 6 da ba a kifar da ita, murzawa kawai ake yi a jira ta faɗi, fuskar da ta kalli sama ita ce hukunci. Kowa yana da 'ya'yansa, a ce 10, kowa ya zuba ɗaya a tsakiya a fara. A jikin fuskokin an rubuta: zuba 1, zuba 2, ɗauki 1, ɗauki 2, kowa ya zuba, kwashe duka. In aka kwashe duka sai kowa ya sake zuba ɗaya. Wanda nasa suka ƙare ya fita. Wani dattijo ne ya kawo mini tasa ta tagulla ta lanƙwashe a tsini, na gyara masa, na kuma sassaƙa irinta da guntun katakon maɗaci. Mu a makaranta ma fensir muke yi wa haka, tunda gefe 6 gare shi, mu feƙe kowane gefe da reza mu rubuta lamba, mu mirgina a kan benci.

Baba Mai Masaƙa:
Na san ta sarai. A shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1973, wani abokin aikinmu yana da ta tagulla, rubutun Turanci a jiki. Bayan an tashi daga aiki ake zama da ita a ƙofar ɗakinsa. Da ashana aka fara, tsinke-tsinke. Wata uku ba a yi ba aka koma kwabo, daga kwabo sai ga mutum yana ajiye albashin mako. Ni da idona na ga magidanci ya cire agogonsa ya ajiye a tsakiya. Daga ranar ban sake zama a wurin ba.

Malama Mai Lissafi:
Wannan ta yi tashe sosai a Amurka da Ingila a shekarun 1920. Yahudawa ma suna da mai fuska 4 da yaransu ke murzawa a wani bikinsu na ƙarshen shekara: ba komai, kwashe duka, ɗauki rabi, zuba. Kafinta, in za ka sassaƙa, tsinin ya zauna a tsakiya daidai, in ba haka ba fuska ɗaya za ta riƙa yawan fitowa. A murza ta sau 120 a rubuta, kowace fuska ta zo kusa da 20. Kuma a riƙa juya wanda zai fara.

Ɗan Rigasa:
Maganar Baba ta taɓo mini wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mahaifiyata. Ina da shekara 17 ta ba ni kuɗin jarrabawata in kai makaranta, kuɗin da ta tara da sayar da ƙosai. A wata tasha na ga an yi da'ira. Wani mutum ya shimfiɗa kwali an zana gida 6, lamba 1 zuwa 6, yana girgiza dayis 3 a gwangwanin madara. Ka ajiye kuɗi a lambar da kake so. In ta fito sau ɗaya ya ba ka kwatankwacin abin da ka sa, sau biyu ninki biyu, sau uku ninki uku. Na tsaya ina kallo, wani ya ci, wani ya ci. Na ce a raina, dayis 3, lamba 6, ai rabi da rabi ne, har da garaɓasar ninki. Na sa kaɗan na ci. Na ƙara na faɗi. Na ce bari in dawo da nawa kawai in tafi. Kafin a kira azahar babu ko sisi a aljihuna. Na zauna a bakin kwalbati har magariba na kasa komawa gida. Da na faɗa mata ba ta dake ni ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da atamfarta sabuwa da ba ta ɗinka ba, ta ba ƙanwarta ta kai Kasuwar Barci. Har yau in na ga dayis 3 a wuri ɗaya sai gabana ya faɗi. Malama, don Allah ki duba mini, maguɗi ya yi mini ko rashin sa'a ce?

Malama Mai Lissafi:
Ƙanena, Allah ya saka wa mahaifiyarka da Aljanna. Ba ya bukatar maguɗi, dokar ce da kanta take ci masa. Wasan tsoho ne, sojojin ruwan Ingila sun yi suna da shi, su hotuna 6 suke sawa maimakon lamba. Dayis 3 hanya 216 suke faɗuwa. A 125 lambarka ba za ta fito ba sam. A 75 ta fito sau ɗaya, a 15 sau biyu, a 1 tak sau uku. In naira ɗaya kake sawa kowane jifa, abin da za ka ci 75 da 30 da 3, wato 108, abin da za ka rasa 125. Giɓin 17 ne, kusan naira 8 a kowace 100, kuma duk kuɗin da ka ci ka mayar sai an sake yankar wannan kason a jikinsu.

Ga hanya mai sauƙi ta ganinsa. A ce mutum 6 kowa ya sa 100 a lamba daban, an cike gidajen. In lambobi uku mabambanta suka fito, ya kwashi 300 ya biya 300, bai ci ba bai faɗi ba. In biyu suka zo iri ɗaya, ya kwashi 400 ya biya 300. In duka ukun iri ɗaya ne, ya kwashi 500 ya biya 300. Nuna mini inda ya faɗi. Babu. Waɗanda ka ga suna ci a farko kuma, sau da yawa mutanensa ne.

Baba Mai Masaƙa:
To kun ji. Yaro, ka lura da abu ɗaya a labarinka: gwangwanin bai taɓa barin hannunsa ba. A wurin kakana, wanda ya faɗi miƙawa yake, jifa na zagayawa, dokar da ta ci ka yanzu ita za ta ci ni anjima. A lido haka, a katantanwa haka. Ni abin da zan so Baban Walid ya rubuta a saman takardarsa ke nan, kafin ma dokar siki da ta da'ira. Duk wasan da mutum ɗaya ne ke riƙe da kayan jifa, shi ke karɓa shi ke biya, kuma ba zai yarda ku musanya wuri ba, yaro ya san ba wasa aka kira shi ba. Yaron da ya saba da karɓa-karɓa tun yana ƙarami, ranar da ya ga irin wancan kwalin a tasha, ko irinsa da ke cikin waya yanzu, zai ji wani abu bai zauna daidai ba.

Malam na Badikko:
Baba, wannan magana ce mai kyau, amma a ƙara mata. Caca ko an yi adalci a jifa caca ce. Ta wurin kakanka rabi da rabi ce kamar yadda Malama ta nuna, duk da haka ya hana ku matsawa, don ya san mai cin ya ci dukiyar ɗan'uwansa ne ba da haƙƙi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Faɗar kawai ke nan. Saboda haka 'ya'yan tsamiya ko ƙwallon dabino ko murfin kwalba da za a ba yara, na ƙirga ne kawai. In an tashi a mayar da su gwangwani ɗaya. Ranar da aka ce wanda ya ci ya tafi da su, ko gyaɗa ce ya cinye, an shiga ɗakin caca. Ta Kafinta mai kwashe duka kuwa, siffar caca ce da ita tun daga rubutun jikinta, ga shi Baba ya faɗi inda ta kai abokansa. Ni ba zan sa ta a hannun yaro ba.

Talatu:
Malam, mu ma a coci ana yi mana faɗa sosai a kan caca, a nan bakinmu ɗaya. Amma in tambaya, in yara za su zaɓi wanda zai fara, su ja tsinke ko su yi canke, shi ma ya shiga?

Malam na Badikko:
A'a, wannan ƙuri'a ce, kuma tana da asali. Annabi yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Alƙur'ani ya ba da labarin waɗanda suka jefa alƙalumansu a kan wa zai riƙi Maryam, da ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa a jirgi. Raba gardama ce tsakanin masu haƙƙi daidai, ba wanda ya rasa abin hannunsa.

Kafinta na Fanteka:
Na ji, na bar waccan. Baban Walid, in kana so zan sassaƙa wa yaran ta kifewa guda 3 da katako mara nauyi, in dakushe tsinin yadda ba zai huda fata ba. Ranar Asabar ka biyo ta shago, ba sai ka biya ba. Amma ta koɗin gaske ta fi daɗin sara, in Baba zai samo mana.

Baba Mai Masaƙa:
Jikana zai duba bakin kogi in ruwa ya ɗan janye. Gogawar ni zan yi da hannuna.

Baban Walid:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na kwafe komai. A saman takardar na sa maganar Baba guda biyu, a yanka doka kafin a murza, kuma jifa ya zagaya. Ƙarƙashinta na sa ta Malam, abin ƙirga gwangwani yake komawa. Maganar lido kuma mun zauna da mahaifiyarsu, na karanta mata abin da Malam ya rubuta da na Maman Ihsan, mun ɗaga allon mun sa a saman kwaba sai mun je mun ƙara tambaya a makarantar da take zuwa.

Yau da yamma an yi katantanwa, yaran makwabta huɗu sun shigo. Walid ya kai 10 sau biyu. Ƙaramar ta yi ta sara tana watsa wa kanta yashi a fuska, sai a gwaji na goma sha wani abu ta kifar, ta ruga cikin gida tana kiran uwarta ta zo ta gani kafin a taɓa. Sai dai an samu saɓani guda da takardata ba ta da amsarsa. Ta ɗan makwabcinmu ta kife, amma a kan layin da'irar, rabi ciki rabi waje. Na ce kowa ya tsaya sai na tambayo. Baba, ya ake yi?

Baba Mai Masaƙa:
Tsinin ake dubawa. A tsaya a kanta a leƙa daga sama, in tsinin na cikin da'ira an ba shi, in yana waje babu. In ya hau layin daidai, ya sake murzawa, ba a ci shi ba, ba a ba shi ba. Amma ta yau tunda ba ku yanka ba kafin a fara, a bar yaron ya sake. Daga gobe sai a bi wannan.